Kwanon Inna Mairo

Ranar da muka kwashe kaya daga Kakuri muka dawo nan Kamazou, matar Dauda ta ɗauki wani tsohon kwanon langa mai jan fure, bakin murfinsa duk ya ɓantare, ta ce a haɗa shi da tarkacen da za a bai wa 'yan gwangwan. Na karɓe shi daga hannunta da sauri har ta ji kunya, ni ma na ji. Ba ta yi laifi ba, ba ta san labarinsa ba. Ku ma 'ya'yana da kuka sani, kowa da gefen da ya riƙe. Dauda ya riƙe ɓacin ran babansa, Ladi ta riƙe dariyar madafa, Iliya kuwa ya ce shi gada kawai yake tunawa da ruwa a ƙarƙashinta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun ido yana gani. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na girma kafin na riƙe fensir, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Gidan da muke haya a Kakuri ɗaki takwas ne, huɗu suna kallon huɗu, rijiya a tsakiya, madafa ɗaya a ƙarshe. Mazan gidan duk a masaƙa suke aiki kamar babanku, in ban da Malam Sale tela, kuma jiniyar masaƙa ce agogonmu. Mu mata kuwa kowa da garinta. Akwai Iya Bose Bayarabiya, akwai Maman Ngozi daga gabas, akwai mu mutanen kudancin Kaduna, sai Inna Mairo matar Malam Sale, mutuniyar Malumfashi, wadda ke soya masa a ƙofar gida kullum da safe. Ba wanda ya kafa mana doka, amma muna da guda ɗaya da ba a karyawa: idan maƙwabciya ta aiko miki da abinci, kwanonta ba ya komawa ba komai a ciki. Ko gyaɗa ce cikin hannu, ko ƙullin gishiri, ko ashana, sai kin sa wani abu. In ba ki da shi yau, ki riƙe kwanon har ki samu. Ba wadda za ta aiko a karɓo mata kwanonta, domin wannan zagi ne.

Inna Mairo ta girme ni sosai. Ita ta yi mini wankan jego lokacin da na haifi Iliya, don uwata ba ta da lafiyar zuwa. Idan zan tafi ajin karatu da la'asar, a bayanta nake barin shi. Kafin ya iya cewa Mama ya iya cewa Inna. Kullum masar farko da ta fito daga tanda tasa ce, sai ta gutsire gefen da ya soyu ƙarau ta miƙa masa ba tare da ta ɗago kai ba. Ni kuwa ba ta raga mini da tsiya.

"Maman Dauda, ku mutanen acca, ba ku san shinkafa ba sai ran Kirsimeti."

"Inna, ai ke ma jiya kwano biyu kika sha na faten accar."

"Don kar ki ji kunya ne na sha, 'yar nan."

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, babanku ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce yanzu masaƙa za ta farfaɗo, yara za su yi karatu. Ba a daɗe ba garin ya kama da wuta. Ba zan rubuta abin da idona ya gani ba, kun ji isasshe daga bakin wasu. Abin da zan faɗa shi ne, a safiyar ranar da abin ya fara Inna Mairo ta aiko da masa a wannan kwanon, don Iliya ya tashi daga zazzaɓi ba ya cin komai. Na ce da yamma zan zuba mata waken da na jiƙa. Yammar ba ta zo mana yadda muka zata ba. Bayan kwana biyu motar soja ta tsaya a bakin layi, ita da Malam Sale suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. A ƙofa ta juyo ta ce da ni:

"Ki kula mini da tanda, ta yi mini nauyi."

Ko kwanon ba mu tuna ba, daga ni har ita. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma Baba Yohanna, ƙanen babanku, ya tafi aikinsa a ƙetaren kogi bai dawo ba. An nema har an gaji.

Daga nan garin ya rabu kamar an yanka da wuƙa. Iya Bose ta koma garinsu, Maman Ngozi ma haka. Ɗakunan suka cika da mutanenmu da suka gudo daga wancan ƙetaren, kowa da nasa rashin. Cocinmu ɗaya, wasu ma yarenmu ɗaya, amma ban taɓa zama ni kaɗai ba kamar a wannan shekarar. Kowa ta dafa nata ta shige ɗaki ta saki labule. Kwano ya daina yawo. Babanku ya rage magana, aikin masaƙa ma ya fara ja da baya, sai ya dawo ya zauna a bakin rijiya yana kallon ƙofar gida. Da safe in na fito shara sai in ga baƙin wurin da murhun Inna yake, in share kewayensa in bar shi.

Da damina ta sauka, wata rana na sauko da kwanon zan zuba muku dafaffiyar gyaɗa. Dauda, kana da shekara goma sha ɗaya, ka ce:

"Mama, kar ki zuba mana abinci a kwanonsu."

Iliya ya ce, "Su wa?"

"Waɗanda suka kashe Baba Yohanna."

Iliya ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce, "Mama, Inna ce ta kashe shi?"

Na ce a'a, amma muryata ba ta fito da ƙarfi ba, kun san yadda take. Daga ranar bai sake tambayar Inna ba. Bayan 'yan makonni wani tsoho mai gyaran takalmi ya bi ta layinmu, da hularsa da 'yar akwatinsa yana ƙwanƙwasawa. Iliya yana wasa a ƙofa. Da ganin hular sai ya sheƙo a guje ya shige ƙarƙashin gado, da na jawo shi na tarar ya jiƙa wandonsa. Yaron da ya girma a bayan Inna Mairo, wanda yake wasa da hular Malam Sale. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na kwanakin wuta. Na ga za ku girma ba ku san fuskar kowa ba sai ta irinmu, kuma Iliya zai manta bayan da ya goya shi.

Ban iya wa'azi ba, ban iya gardama ba. Abin da na iya shi ne tukunya. Sai na ɗauki littafina na aji na juya bayansa, na fara rubuta duk abin da na tuna na girkin matan da suka tafi. Abin ya ba ni wuya, domin ba wadda ta taɓa auna komai a cikinsu, in ka tambaya sai a ce hannunki zai gaya miki. Ran Asabar, da babanku ya tafi aikin safe, na tara ku a madafa na ce yau za mu je gidan Iya Bose. Ladi ta ce ai ta tafi. Na ce tukunyarta ba ta tafi ba. Muka tuƙa amala, ta yi gudaji kamar tsakuwa, sai na tuna Iya tana cewa a tuƙa ta kamar kina fushi da mijinki. Da na ɗauko sabuwar 'yar tsintsiya na wanke na fara kaɗa miyar ayoyo da ita yadda Iya take yi, Ladi ta faɗi ƙasa don dariya.

"Mama tana share miya! Iliya, zo ka ga Mama tana share miya!"

Wannan ce dariyar farko da na ji a ɗakinmu tun bayan rikicin. Na kafa muku sharaɗi ɗaya: duk wanda zai ci, sai ya faɗi abu guda da ya tuna game da mai abincin, kuma ya yi gaisuwa da yarenta. Asabar ta gaba muka je gidan Maman Ngozi, kuka wanke shuwaka har hannuwanku suka yi yaushi, Dauda ya tuna ranar da ta bi shi da muciya don ya fasa mata tulu. Idan an gama ci, sai mu ɗebo laka a bayan rijiya ku gina ƙananan tukwane da mutane, mu jera su a gindin bango su bushe. Iya Bose ta laka ta sami babban ɗankwali har kanta ya karye sau biyu.

Da kaka ta yi, na je gonakin da ke bayan unguwar Television na roƙo karan dawa na ɗauro a ka. Na nuna muku yadda muke yi a ƙauye muna yara, a fere bayan karan a yi tsinke, a yanka farin cikinsa a soke su a haɗa. Ladi ta yi tabarau, Iliya ya yi wani abu da ya ce mota ce. Dauda kuwa hannunsa na babansa ne. Ya ce zai gina gidanmu gaba ɗaya don mutanen laka su sami wurin kwana. Ya yi rijiya har da guga, ya yi madafa, ni kuma na rubuta sunan kowa a 'yar takarda muka manna a ƙofofi. Ɗaki bakwai ya gina. Wurin na takwas ya bar shi fili. Na ga takardar da na rubuta Inna Mairo a ƙasa, na ɗauke na sa a littafina.

Masa ce na bari ƙarshe, don ina jin tsoronta. Tandar tana ƙarƙashin gadona tun ranar. Karon farko ban bar ƙullun ya kwana ba, ta fito kamar dutse, Ladi ta ce a ajiye a jefi kare da ita. Karo na biyu ta yi tsami. A na uku ta tashi. Na zuba mai, na zuba ƙullu, sai ƙamshin nan ya cika gidan kamar mai shi ta dawo. Iliya ya matso ya tsuguna kusa da murhu, daidai inda yake tsugunawa a da. Sai labulen ɗaki na takwas ya ɗaga. Maman Rifkatu ce, wadda ta gudo daga ƙetare aka ƙone mata gida, ita ke zaune a ɗakin Inna. Ta tsaya tana riƙe da ƙofa.

"Maman Dauda, don Allah. Maƙwabciyata a can ita ma masa take soyawa. Na gudo daga wannan ƙamshin, kin biyo ni da shi?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ana cikin haka sai ga babanku ya shigo, an tashe su da wuri. Ya dubi tanda, ya dubi ku, ya dube ni.

"Saratu, ƙanena ko kabarinsa ban gani ba, ke kina soya mini masarsu a gida?"

Na ce, "Baban Dauda, matar nan ita ta yi mini wankan jego."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ya fi zafi."

Ya juya ya fita. Dauda, ka ajiye masar da ke hannunka ka bi shi. Daga ranar babanku bai sake cin abincin Asabar a gida ba, kai ma ba ka sake shiga madafa ba. Magana ta kai coci. Ba wadda ta zage ni a zumuntar mata, sai dai in na zauna a benci sai a ɗan matsa, kuma da aka raba aikin girkin Kirsimeti ba a kira sunana ba. Na daina soya masa a tsakar gida saboda Maman Rifkatu, na koma bayan gida kusa da bola. Amma ban daina ba.

Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti na soya masa mai kyau, ni da Ladi da Iliya, na cika kwanon na ɗaure a tsumma. Ban ɓoye wa babanku ba. Na ce zan ƙetare gada in mai da kwanon mutane. Ya daɗe yana ɗaure takalminsa, sannan ya ce:

"Ke babba ce. Amma kar ki ɗaukar mini 'ya'ya."

Wannan shi ne abin da nake so ku ji daga bakina. Na ɗauki Iliya. A duk zaman aurenmu wannan ne karo ɗaya da na tsallake maganar babanku, kuma na san abin da nake yi. Gari ya lafa, ana zirga-zirga, amma ba wanda zai iya rantsewa a kan komai a lokacin. Da wani abu ya same shi, da ba ni da bakin magana har abada. Na auna wannan da yaron da ke ƙarƙashin gado, na kama hannunsa muka shiga bas.

A Tudun Wada na bi shagunan teloli ina tambayar Malam Sale na Kakuri. Iliya ya cusa fuskarsa a zanena, don ko'ina huluna ne. A shago na huɗu wani dattijo ya bar kekensa ya raka mu har ƙofar wani gida. Ɗaki ɗaya aka ba su a gidan dangi. Inna Mairo ta rame, tana zaune tana murza ƙuli-ƙuli. Da ta gan ni ta yi salati, ta riƙe hannuna da hannunta mai mai. Ta ce keken ɗinkin Malam ya ƙone, ɗan 'yar'uwarta ma bai dawo ba. Ta tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Yohanna na gaya mata, sai ta rufe fuska da mayafi.

"Yohanna mai cin masa bakwai a tsaye? Wayyo, Yohanna."

Duk wannan Iliya yana bayana. Ta gan shi sarai, ta kuma ga yadda yake, amma ba ta kira shi ba. Ta jawo kwanon ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta ɗanɗana.

"Wa ya soya?"

"Ni da yara."

"Wuta ta yi yawa, kuma kin yi rowar albasa. Ku mutanen acca dai sai a hankali."

Sai ta gutsire gefen da ya soyu ƙarau, ta miƙa hannu gefe ba tare da ta ɗago kai ba. Hannun ya daɗe a miƙe. Na ji zanena ya saki. Ya tako a hankali ya karɓa, ya ci, ya tsaya yana kallon ta, sannan ya ce:

"Inna, tandarki tana ƙarƙashin gadonmu."

Ta ce, "Ka kula mini da ita, maigidana." Kafin mu tashi yana kan cinyarta yana ba ta labarin motarsa ta kara.

Da za mu tafi ta juye masar, ta wanke kwanon, ta cika shi da ƙuli-ƙuli ta ɗaure ta miƙo mini. Na ce Inna, ai kwanonki ne na dawo miki da shi.

"In na karɓe shi, me zai sake kawo ki? Ki yi wa Baban Dauda gaisuwar Yohanna. Mai yajin nan na sama na Dauda ne, shi yake so."

Mun iso gida lafiya kafin la'asar. Babanku yana bakin rijiya. Ya ɗaga Iliya ya duba shi sama da ƙasa, ya sauke shi. Na isar masa da gaisuwar, ya ce ya ji. Ya ɗauki watanni kafin ya sake kiran sunana, kuma har Allah ya ɗauke shi ba mu sake tayar da maganar ba. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Kirsimetin shekarar mu kaɗai muka ci shinkafarmu, ba kwanon da ya shigo, ba wanda ya fita.

Bayan Ista na sake cika kwanon na ƙetare. Aka ce sun koma Malumfashi. Shekaru bayan nan na je can da kaina na yi yini guda ina tambaya, ba wanda ya san tela Sale da ya zauna Kaduna. Gidan kara kuwa gara ta cinye shi da damina ta dawo, da ɗakunansa bakwai.

Saura abu ɗaya. Dauda, ranar da muka dawo na gaya maka saƙon Inna, ka ce ba ka so, ka fita. Washegari bayan coci ina wanke-wanke a madafa, sai na ji ƙarau, ƙarau daga bayan bango. Ƙuli-ƙuli ba a cin sa a ɓoye, ɗana. Na leƙa ta tagar madafa na gan ka a tsugune, ka juya wa gida baya, kana ci kana share ido da gefen riga. Na koma na ci gaba da wanke-wankena da ƙarfi don kar ka san na ji. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanka.

Kwanon yana saman kabad ɗina. Idan kun zo raba 'yan kayana kar ku sa shi a ciki, ba namu ba ne. Ita ta zuba na ƙarshe, mu ake jira.